Maɗaci Bakwai Na Hannatu

Ku matso kusa, 'ya'yana, akwai abin da nake so ku ji. Kada ku damu da kujera, ko a tsaye ma za ku ji. Sunana Bitrus, amma a unguwarmu da ke bayan layin dogo, kusa da Kafanchan, Baban Rifkatu ake kirana, masu tsokana kuma su ce Masassaƙi. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, don haka in kun ji maganar ta karkace, ku yi haƙuri. Da gizago na fi sabawa.

Na sha jin samarin yanzu suna cewa, ai turmi ba komai ba ne, gungume ne aka yi wa rami. Wani mai injin yanka itace ya taɓa ce mini, "Baba, abin da kake kwana huɗu a kai, ni kafin shayina ya huce na gama." Na ce masa gaskiyarka, inji yana da baki. Kunne ne ba shi da shi. Wannan sana'ar kuwa rabinta kunne ne.

Aikina na farko ba sassaƙa ba ne, saurare ne. Na riga na yi aure a lokacin, gonar citta ba ta isar mu, sai matata Hannatu ta ce in je wurin babanta in koyi aikin hannu. Baba Gambo ke nan, a wani ƙauye wajen Godogodo. Gajere ne, amma idan ya ɗaga gatari sai ka matsa. Na je da zumuɗi, ina tsammani washegari zan fara turmi. Wata uku ban taɓa gizago ba. Kullum da safe mu shiga daji, ya tsaya a gindin itace, ya buga da bayan gatari, ya juyo.

"Suruki, me ka ji?"

"Na ji itace, Baba."

"To sannu da ƙoƙari. Akuyata ma ta san itace ne. Sa kunnenka ka sake ji."

A hankali na fara rabewa. Itace mai lafiya idan ka buge shi, ƙarar tana tsayawa nan take, kamar ka bugi ƙirjin mutum. Mai kogo a ciki yana amsa maka kamar ganga. Wanda ruwa ya shiga ta reshe ya ruɓe, ƙararsa a jiƙe take. Wanda gara ta hau kuwa, bayan ka buga ka yi shiru, za ka ji ƙasa tana zubewa a ciki ƙasa-ƙasa. Baba Gambo ya ce kada in taɓa sare itacen da ban gaishe shi ba. Gaisuwar ke nan: bugu uku, sannan kunne.

Kayan aikin ba su da yawa. Gatari na sara, babban gizago na fere jiki, ƙaramin gizago mai lanƙwasasshen baki na kwashe ciki, da dutsen washi. Dutsen da nake amfani da shi har yau na Baba Gambo ne, tsakiyarsa ta lotsa kamar cokali. Amma turmi ba iri ɗaya ba ne. Na surfen acca yana son zurfi da ƙaramin baki, in ba haka ba rabin accar a ƙasa za ta ƙare, kaji su gode maka. Na sakwara yana son faɗi, cikinsa sumul, don kada doya ta maƙale. Na dakan yaji ƙarami ne, kuma ba a yin sa da itace mai taushi, don zai sha barkono ya riƙe. Idan ka gama, ba ka barin sa a rana. A inuwa yake bushewa, kana shafa masa manja, in ba haka ba ya tsage tun bai ga taɓarya ba.

Turmin da na fi shan wahalarsa na Mama Laraba ne, shugabar Zumuntar Mata ta cocinmu. Mace ce mai murya, idan ta fara waƙa a baya, na gaba ba sa jin kansu. Sau biyu tana dawo mini da shi a ka. Na farko ta ce yana rawa. Na gyara gindin. Na biyu ta ce, "Baban Rifkatu, turmin nan ba ya magana. Idan ina daka, ina so maƙwabta su san na tashi." Na kwashe cikinsa kaɗan, na rage kaurin baki. Da ta buga taɓarya sau ɗaya, sai ta yi murmushi ta ɗauka ta tafi, ko sai an jima ba ta ce ba. Tun daga ranar na san matar nan ma tana da kunne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Ni mutum ne mai son gida. Kaduna sau uku na taɓa zuwa, kowane zuwa kuma kaina ya yi ciwo. Hannatu ta san haka. Shekarar da na gama koyo, muka dawo daga gidan babanta, sai na ga ta ɗauko kwando da gwangwanayen madara bakwai a ciki, kowanne da ɗan tsiron maɗaci. 'Ya'yan babban maɗacin ƙofar gidan Baba Gambo ne.

Na ce, "Maman Rifkatu, mangwaro ai ya fi. Wannan ko tsuntsu ba ya cin 'ya'yansa."

Ta ce, "Mangwaro na yara ne. Wannan naka ne. Ba na so ka tsufa kana yawo gonar mutane kana roƙon itace, kai da ko kasuwa sai an tura ka."

Ta jera su a kan iyakarmu da maƙwabcinmu Malam Ishaya, hedimasta, wanda yanzu ya yi ritaya. Na farko can bakin hanya, na bakwai dab da ƙofar kicin. Ita ta yi musu shinge da ƙaya saboda awaki, ita ta riƙa zuba musu ruwan wanke-wanke da rani. Sun girma tare da 'yarmu Rifkatu, suka wuce ta, suka wuce rufin gida. Ban taɓa sare ko ɗaya ba. Reshe dai nakan ɗauka in yi ƙota. A gindin na bakwai na kafa wurin aikina, don daga nan ina jin motsin tukunya, ita kuma tana jin gizago. Idan gizago ya yi shiru da yawa, sai in ji daga ciki, "Masassaƙi, barci ko aiki?"

Yanzu mu zo shekarar da ba ta yi kyau ba. Hannatu ta kwanta sati biyu, Ubangiji ya kira ta. Ba zan tsaya a kan wannan ba, ba shi na kira ku ku ji ba.

Kun san al'adarmu. Idan aka yi rasuwa, ba a zuwa gaisuwa hannu wofi. Mata sukan zo da hatsi, da ruwa, da ɗaurin itace a ka, domin gidan makoki wuta ba ta mutuwa, ana dafa wa baƙi har a watse. Itacen nan shi ne ta'aziyyar wanda ba shi da abin faɗa. Ba a ƙinsa, ba a tambayar inda aka samo shi. Wanda ya rage kuma ba a sayarwa, ba a bayarwa, a murhun gidan zai ƙare.

Rana ta biyu sai ga yayan Hannatu, Yakubu, da a-kori-kura cike da itace tun daga wajen Godogodo. Manyan guntaye, da ɓawonsu, busassu sarai. Ya riƙe hannuna ya ce, "Suruki, sori fa. Ba mu da komai, sai wannan. Maɗacin wajenmu ne, suna ta bushewa da kansu kwanan nan, ko sara ba mu sha wahala ba."

Kun ji abin da ya ce? Suna ta bushewa da kansu. Ni da na yi wata uku ina koyon gaishe da itace, na ji wannan maganar da kunnena, na ce masa na gode, Allah ya saka. Ko guntu ɗaya ban buga ba. Wa zai tsaya yana ƙwanƙwasa itacen ta'aziyya a gaban surukansa?

Aka yi jana'iza, aka watse. Fiye da rabin itacen Yakubu ya rage. Matan zumunta suka jera shi da kyau a gindin maɗaci na farko, suka jingina shi da jikinsa. Rifkatu tana aure a Mararaban Rido, tana da shago a bakin titi. Ta ce in bi ta.

"Baba, wa zai dafa maka a nan?"

"Wa zai kula da gidan in na tafi?"

"Gidan zai gudu ne?"

Da ta ga ba zan motsa ba, sai ta sayo mini ƙaramar tukunyar gas, ta koya mini kunnawa. To mutum ɗaya me zai dafa? Shayi, taliyar leda, wani lokaci ɗumamen abin da matar Malam Ishaya ta miƙo ta kan shinge. Murhun Hannatu ya yi sanyi, har kaza ta yi ƙwai a ciki. Itacen makoki kuwa yana nan inda aka ajiye shi. Damina ta zo ta wuce a kansa, wata ma ta zo ta wuce. Aikin ma na rage. Nakan zauna a gindin na bakwai da gizago a cinya, in tashi ban fere komai ba.

Wata Lahadi ƙafata ta kumbura, ban je sujada ba. Duk unguwa an tafi coci, ba injin niƙa, ba babur, ba rediyon kowa. Ina jin waƙar zumunta daga nesa, iska tana kawo ta tana mayarwa. Na ɗingisa zuwa bakin hanya don in ga ko akuyata ta fita, na gaji, na jingina kaina da maɗaci na farko. A nan na ji shi. Ƙus, ƙus, ƙus. Kamar mutum yana cin gyaɗa a ɓoye da bakinsa a rufe. Ba gara ba ce, na san tafiyar gara. Wannan tauna ce, kuma ba baki ɗaya ba.

Na duba ƙasa, sai ga gari mai laushi, ja-ja, a gindin, kamar an zubar da garin dawa. Na ɗaga kai. Ƙolin itacen ya bushe, ganye ya kakkaɓe daga sama, ƙananan rassa kuma suna tsirowa daga ƙasa inda bai kamata ba. Kullum ina wucewa ta wurin, ban taɓa ɗaga kai ba. Na koma na ɗauko gizago, na ɓare ɓawo faɗin tafin hannu. A ƙarƙashi, jikin itacen duk zane ne, hanyoyi a murɗe cike da gari, da fararen tsutsotsi kwance a ciki. A jikin ɓawon kuma ƙananan huji, inda waɗanda suka yi fiffike suka fita. Na juya kan itacen Yakubu. Da na ɗaga guntu ɗaya, ba shi da nauyin da ya kamata, duk jikinsa huji.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya, bugu uku, kunne. Na biyu, tauna. Na uku, tauna. Na huɗu, tauna. Na biyar da na shida a ido lafiyarsu ƙalau, ganye kore shar, amma can sama da kaina, in na riƙe numfashi, ina ji kaɗan-kaɗan. Na zo na bakwai. Na daɗe ban sa kunnen ba. Da na sa, shiru.

A haka Malam Ishaya ya same ni, ya dawo daga coci da Littafi a hammata.

"Masassaƙi, ba ka zo sujada ba, ashe kana nan kana rungumar itace."

"Hedimasta, zo ka ji wani abu."

Ya sa kunne, ya cire, ya sa ɗayan. "Ni ban ji komai ba. Kuma ai maɗaci ne. Wane ƙwaro zai ci ɗaci? Mu da muke jiƙa ɓawonsa don ciwon ciki, sai mun toshe hanci."

"Nima haka na sani. Wannan bai san haka ba."

Na nuna masa wurin da na ɓare. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Sai ya juya ya kalli nasa maɗatan da ke bayan gidansa, waɗanda yake cewa da su zai yi wa jikokinsa rufin ɗaki. Bai ƙara tsokanata ba a ranar.

Akwai wata malamar gona da ya taɓa koyarwa a firamare, ita ya kira a waya. Ta zo ranar Talata a kan babur, ta sa tsutsar a kwalba, ta kama uwar ma, wani siririn ƙwaro mai ƙyalli da bai kai farcen ɗan yatsa ba. Ta ce ba na ƙasarmu ba ne, baƙo ne, shi ya sa ba shi da suna a Hausa balle a yarenmu. Ta ce da fiffikensa ba ya nisa, daga wannan itace zuwa na kusa ne. Mutane ne ke ba shi mota. A cikin itacen wuta yake tafiya, da gungumen da ba a ɓare ba.

Na ce, "'Yata, akwai magani?"

Ta ce, "Baba, wanda ya shiga ya shiga. Feshi ba ya kai wa ƙarƙashin ɓawo. Sai dai a sare, a ɓare, a ƙone ɓawon da rassan a nan inda suke, kafin ruwan farko, lokacin da suke fitowa. Na biyar da na shida ma, in ka tabbata ka ji."

"In ban tabbata ba fa?"

"To ka bar su, mu gani. Amma na shida rassansa suna taɓa na bakwai."

Kwana shida ina zuwa ina sa kunne a na shida, ina fata in ji na yi kuskure. Na je da safe, na je da rana tsaka. Na ce ko kunnen tsufa ne. Malam Ishaya ya ce, "Kai ne fa kawai kake ji. In ka ce babu, ba wanda zai ƙaryata ka." Gaskiya ya faɗa. Amma na ji. A rana ta bakwai na aika a kira masu inji.

Saran nan shi ne aikin da ya fi kowanne girma a rayuwata, kuma ba ni na yi shi ba, ƙarfina bai kai ba. Na dai yi wa kowanne saran farko da gatarina, sannan na matsa. Abin da Hannatu ta yi shekaru tana shayarwa, inji ya kwantar da shi kafin la'asar. Na shida muka ɗaure da igiya muka ja shi wajen hanya, don kada ya faɗa kan na bakwai. Mai injin, wanda ya taɓa yi mini maganar shayi, ya zagaya gungumen ya ce, "Baba, ka bar mini su haka. Akwai mai mota da ke bin hanyar Kagarko, gobe zai kwashe, ba sai ka wahala ba."

Na ce, "Da ɓawonsu?"

"To ɓawo me ya yi?"

"Ba inda za su je da riga. Wani ya kawo mini, ni ba zan kai wa wani ba."

Ya kalle ni kamar tsufa ya taɓa ni. Sati biyu muna ɓare ɓawo, ni da Malam Ishaya, shi da hannunsa na alli duk ya yi kanta. Muka fere har inda zanen tsutsa ya ƙare. Muka tara ɓawo da rassa da itacen Yakubu gaba ɗaya a tsakiyar gona, muka sa wuta. Biyu daga maɗatan Malam Ishaya ma sun tafi. Da hayaƙin ya kwanta, gidana ya zama tsirara, ana hango ƙofar ɗakina tun daga layin dogo. Itace ɗaya a tsaye.

Na kira Yakubu, don ya kamata ya sani. Na rasa ta inda zan fara, kada ya ɗauka ina zarginsa. Na dai daure na faɗa masa duka a waya. Sai ya ce, "Suruki, na ƙofar gidan Baba ma ya mutu. Duk na layinmu ya mutu. Mun ɗauka ko ƙasa ne ya gaji." Sannan ya ce, "Wato da hannuna na kawo." Na ce da hannunka ka kawo ta'aziyya, ni ne na ajiye ta har damina biyu. Daga ranar na san na bakwai ɗin nan shi kaɗai ya rage daga zuriyar maɗacin Baba Gambo.

Ba a yi wata huɗu ba, yayar Malam Ishaya da ke zaune a gidansa ta rasu. Murhun makoki a bayan gidansa za a kafa, taku goma daga gindin na bakwai. Dangi za su zo daga ƙauyuka da yawa, kowace mace da ɗaurinta. Da safe na ɗauki ƙaramin gizago, na jawo kujera, na zauna a bakin ƙofarsa. Duk wadda ta sauke itace, in gaishe ta, in buga, in sa kunne. Mai lafiya dama, wanda na yi shakka hagu. Mata suka fara kallon juna. Wata ta ce da yare, tsohon nan kansa ya taɓu tun da matarsa ta tafi. Na ji, ai na ce muku ina da kunne.

Sai ga Mama Laraba da nata ɗaurin, ta sauke, ta riƙe ƙugu.

"Baban Rifkatu, me nake gani haka? Ka zama ɗan sandan hanya ne? Itacen gaisuwa kake bincike?"

"Mama, sannu da zuwa. Ina kika samo wannan?"

"Ka ji shi. Yaushe aka fara tambaya? Lokacin Maman Rifkatu wa ka tambaya?"

"Ban tambayi kowa ba. Ɗaga kanki ki duba iyakata."

Ta duba. Kututture shida a jere, da fili inda inuwa take a da. Ta sani, duk unguwa an sani, amma ba wanda ya haɗa shi da itacen makoki, don a unguwar ban faɗa wa kowa ba sai Hedimasta. Na zaro guntu ɗaya daga tarin hagu, maɗaci ne ɗanye-ɗanye da wata baƙuwa ta kawo. Na ce, "Ke kika ce mini turmi ba ya magana. Saurari wannan."

Ta harare ni, amma ta karɓa. Ta ture ɗankwali daga kunne. Ta ɗaga wa matan hannu su yi shiru, kuma idan Mama Laraba ta ɗaga hannu, ko fasto yakan dakata. Ta daɗe. Na ga fuskarta ta canja.

"Abu yana ci a ciki," in ji ta.

"Shi ya ci shida."

Ta ajiye guntun a hankali. Baƙuwar da ta kawo shi ta fara kame-kame, kunya ta kama ta. Mama Laraba ta dafa kafaɗarta. "Ba laifinki ba ne, 'yar'uwa, kin kyauta. Naki ma za mu fara sawa." Ta juya ga sauran. "Wannan na hagu, a wuta yanzu, a ɗora ruwan zafi. Kuma ku ji, ranar da za a watse, ko tsinke kada ya kwana. In ya rage, mu dafa wake mu raba." Sannan ta dube ni. "Kai kuma tashi daga bakin ƙofa, kana tsorata baƙi. Koma bayan kicin, za a riƙa kawo maka kana bugawa a can."

Haka aka yi, kuma haka ake yi a unguwarmu har yanzu. Ba a hana kowa kawo itace ba, al'ada tana nan. Sai dai ba ya kwana bayan an watse, kuma ba a jingina shi da itace mai rai.

Ku da kuke da gona ko fili, abin da na koya da tsada ke nan, na ba ku kyauta. Itacen wuta, ku samo shi kusa, ku ƙone shi kusa. Gungumen da zai yi tafiya, a tuɓe masa ɓawo tukuna. Ku riƙa ɗaga kai, don daga sama mutuwar take farawa, kuma ku duba gindi ko akwai gari. In kun ga tsuntsun nan mai ƙwanƙwasa itace ya dage wa itace ɗaya, ba wasa yake ba, abinci ya samu. Kada ku jera iri ɗaya kamar yadda muka yi, ku sa ɗorawa a tsakani, ku sa atili. In ya shiga kuwa, ku kira malaman gona, ku sare da wuri tun cikin itacen yana da amfani. Jinkirin tausayi shi ke kashe na kusa.

Daga zuciyar na shida na fitar da turmi ɗaya, na surfen acca, irin zurfin da Hannatu take so. Shi ne mafi kyau da na taɓa yi. Mutum uku sun tambaya, na ce ba na sayarwa ba ne. Yana nan a kife a gindin na bakwai, a kansa nake zama. Na kori kazar daga murhu, yanzu ina hura wuta da kaina, ko da ruwan wanka ne. A bakin kicin kuma akwai gwangwanayen madara biyar, na tsinci 'ya'yan na bakwai na shuka. Uku sun fito. Rifkatu ta ce, "Baba, wa zai zauna a inuwarsu?" Na ce ban sani ba, uwarki ma ba ta tambaya ba.

Kullum da safe, kafin in wanke fuska, nakan fita da gatari. Bugu uku, kunne. Malamar gona ta ce ba za ta yi mini alkawari ba, ƙwaron yana iya dawowa daga ko'ina. Na sani. Yau da safe ma na je, na riƙe numfashi har ƙirjina ya yi zafi. Shiru. Ban taɓa tsammani akwai ranar da shirun gidan nan zai yi mini daɗi ba.

To kai da ka zauna ka ji ni har ƙarshe, itacen nan da ke jingine a bayan kicin ɗinku, daga ina ya zo, kuma yaushe rabonka da ka sa masa kunne?